Frederick Banting, ɗan manomin da ya nemo allurar ciwon suga a kayan cikin shanu

Duk gidan da ake da mai ciwon suga irin wanda sai da allura, an san sunan insulin ko da ba wanda ya taɓa shiga aji a gidan. 'Yar ƙaramar kwalba ce, amma ranar da ta ƙare hankalin kowa sai ya tashi. Yau na kawo muku tarihin mutumin da aka fi dangantawa da samo ta, wato Frederick Banting, likita ɗan ƙasar Kanada da ya rasu a 1941. Abin da ya ja hankalina gare shi, ni da na tashi a gidan fataucin shanu, shi ne insulin ɗin farko da ya ceci ran ɗan Adam daga kayan cikin shanu aka tace shi, kuma sanin halin dabbobi da Banting ya taso da shi a gonar mahaifinsa ya yi masa rana a tsakiyar binciken.

Bari mu fara da ciwon kansa. Tuwo, shinkafa, burodi, doya, gari, duk idan muka ci, ciki yana narkar da su su koma wani irin suga da ake kira gulukos, ya shiga jini. Shi ne man da jiki ke aiki da shi. Sai dai ba ya iya shiga tsoka yadda ya kamata sai wani sinadari ya buɗe masa hanya, shi ne insulin, kuma shi ke sa hanta ta ajiye rarar don gaba. Inda jiki ke yin sa wani nama ne mai laushi, fari-fari, da ke kwance a bayan tumbi, manne da farkon ƙaramin hanji. Likitoci na ce masa pankiriyas. Nakan ji mutane suna kiran sa saifa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya san saifa daban take, ita ja ce mai duhu.

Idan insulin ya yanke, suga sai ya taru a jini. Ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari yana jan ruwan jiki, shi ya sa ake yawan fitsari da ƙishirwa, har tururuwa ta taru a wurin. Mutum yana ci yana ramewa. Jiki ya koma ƙona kitse, hakan ya tara wata guba a jini, daga nan sai dogon suma, sai mutuwa. Kafin 1922, yaron da ya kamu da wannan ciwo da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Babban abin da likitoci ke da shi a lokacin shi ne tsarin wani likitan Amurka, Frederick Allen, na rage wa mara lafiya abinci har ya zama ɗan abin riƙe rai kawai. Ana ƙara masa 'yan watanni, amma wasu yunwar ce ma take ƙarasa su.

Masana sun riga sun san inda matsalar take. A 1869 wani ɗalibin likitanci a Balin, Paul Langerhans, ya ga wasu ƙananan curin ƙwayoyi warwatse a cikin pankiriyas kamar tsibirai. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare pankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon suga mai tsanani. Ke nan akwai wani abu a cikin naman nan da ke riƙe sugan jini. Mutane da dama sun gwada tatso shi, irin su Georg Zuelzer a Jamus da Nicolae Paulescu a Romaniya, kuma sun ga suga yana sauka, amma ba wanda ya samu mai tsabtar da za a riƙa yi wa mutum allurarsa kullum ba tare da ya cutar da shi ba.

An haifi Banting ranar 14 ga Nuwamba, 1891, a wata gona kusa da garin Alliston a lardin Ontariyo. Shi ne autan yara biyar. Ba wani haziƙin ɗalibi ba ne, don da ya shiga Jami'ar Toronto a 1910 da niyyar iyayensa ya zama limamin coci, bai ci jarrabawar shekarar farko ba. A 1912 ya koma karatun likita. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya nemi shiga soja aka ƙi shi saboda raunin gani, sai daga baya aka karɓe shi. An gaggauta wa ajinsu karatu suka gama a ƙarshen 1916. Ya yi aikin likitan soja a Ingila da Faransa, kuma a watan Satumba 1918, a yaƙin yankin Cambrai, ɓarɓashin bam ya same shi a hannu, amma ya ci gaba da ɗaure wa wasu rauni na tsawon sa'o'i kafin ya yarda a duba shi. An ba shi lambar jarumta a kan haka.

Bayan yaƙi ya ƙara koyon tiyata a asibitin yara na Toronto, amma bai samu gurbin zama a can ba. A watan Yuli 1920 ya buɗe ɗan asibitinsa a Landan ta Ontariyo, ba ta Ingila ba. Kasuwa ta ƙi. Ya yi kusan wata guda yana zaune ba wanda ya leƙo, kuma abin da ya samu a watan farko dala huɗu ne kacal. Duk wanda ya taɓa kai kaya kara ya wuni ba ko tayi, ya san irin wannan zama. Don ya rufa wa kansa asiri sai ya karɓi ɗan aikin koyarwa a makarantar likitanci ta garin.

A daren 30 ga Oktoba, 1920, yana shirya darasi a kan pankiriyas, ya karanta rubutun wani likita mai suna Moses Barron. Barron ya ba da labarin wani mamaci da tsakuwa ta toshe masa bututun pankiriyas, ɓangaren da ke yin ruwan narkar da abinci ya shanye, amma tsibiran nan suka rage lafiya. Barci ya gagari Banting. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi ya rubuta 'yan layuka a littafinsa. Tunaninsa shi ne, ƙila ruwan narkar da abincin ne ke cinye sinadarin duk lokacin da aka niƙa naman. To idan aka ɗaure bututun a jikin kare mai rai, aka jira wancan ɓangaren ya shanye, abin da ya rage sai a tatse shi a gwada.

A watan Nuwamba ya kai wannan magana gaban Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto, ɗan Sikotilan, wanda ya yi suna a duniya kan yadda jiki ke sarrafa suga. Macleod ya lura baƙon nasa bai karanta ko rabin abin da aka rubuta a fannin ba, kuma ya san manyan masana sun sha ƙasa a wannan nema. Duk da haka ya amince ya ba shi ɗakin gwaji na lokacin hutu, da karnuka, da ɗalibi mai taimako. Ɗalibai biyu ne, Charles Best da Clark Noble, suka jefa kwabo don a ga wanda zai fara, ya faɗa kan Best, ɗan shekara 22, wanda ya iya auna suga a jini da fitsari.

Sun fara ranar 17 ga Mayu, 1921. Macleod ya nuna musu yadda ake tiyatar, ya ba su shawarwari, sannan a watan Yuni ya tafi hutu Sikotilan. Banting ba albashi yake karɓa ba. Ɗakin ga zafi ga ƙazanta, karnuka suna ta mutuwa saboda ciwon da ke shiga wurin ɗinki, har sai da suka koma sayen karnuka a titi. Da suka buɗe waɗanda aka ɗaure wa bututu bayan makonni, sai suka tarar zaren ya narke a jikin da yawansu, pankiriyas na nan garau. Dole suka sake da zaren siliki.

Ranar 30 ga Yuli suka ciro pankiriyas ɗin da ya shanye, suka yayyanka shi a ruwan gishiri mai sanyi, suka niƙa, suka tace, suka yi wa wani kare mai ciwon suga allura ta jijiya. Cikin awa ɗaya sugan jininsa ya sauka sosai. Karen ya mutu washegari, amma sun ga abin da suke nema. Suka ci gaba da maimaitawa a kan wasu karnukan.

Matsalar ita ce hanyar ba za ta kai ko'ina ba. Ana ɗaukar makonni ana kashe karnuka da yawa don a riƙe ran kare ɗaya na 'yan kwanaki. Nan ne gona ta yi wa Banting amfani. Ya karanta cewa pankiriyas na ɗan tayi cike yake da tsibirai, kuma a watannin farko bai fara yin ruwan narkar da abinci ba. Sai ya tuna manoman yankinsu sukan bari a yi wa saniya barbara kafin a kai ta yanka, don ta fi cin abinci ta yi ƙiba. A wurinmu yanka saniya mai ciki abu ne da ake ƙi, amma shi dai ya san a mayankar Toronto ba za a rasa ɗan tayi ba. A watan Nuwamba 1921 suka je suka samo, suka tace, ya yi aiki. A watan Disamba kuma suka gwada pankiriyas na babbar saniya, suka jiƙa shi da sinadarin alkohol maimakon ruwan gishiri, shi ma ya yi aiki.

Ka ga ke nan ɗaure bututun da aka sha wahala a kai ba dole ba ne. Masana daga baya sun nuna ruwan narkar da abincin ba ya fara aiki sosai sai ya isa hanji, don haka tunanin daren nan na Oktoba bai zauna daidai ba. Amfaninsa shi ne ya sa an fara aikin, kuma taurin kan mai shi ya hana a daina.

A wannan watan ne aka gwada ba wani abokin karatun Banting mai ciwon suga, Dakta Joseph Gilchrist, ruwan ya sha ta baki. Bai yi masa komai ba. Dalili kuwa, insulin dangin furotin ne kamar nama, idan ya shiga ciki narkewa yake yi. Shi ya sa har yau allura ake yi.

A watan Disamba ɗin dai Macleod ya shigo da James Collip, masanin sinadaran jiki daga Jami'ar Alberta, bisa roƙon Banting kansa. A ƙarshen watan aka je taron masana a Jami'ar Yale ta Amurka. Banting ba gwanin magana ba ne, ya daburce, masana suka rufe shi da tambayoyi, Macleod ya tashi ya amsa a madadinsa. Maimakon ya gode, sai Banting ya ɗauka farfesan na shirin ƙwace masa aiki ne. Wannan zargi bai bar zuciyarsa ba har abada.

Ranar 11 ga Janairu, 1922, a Babban Asibitin Toronto, aka yi wa wani yaro ɗan kimanin shekara 14, Leonard Thompson, allurar ruwan da Banting da Best suka tace daga pankiriyas na shanu. Nauyin yaron bai kai kilo 30 ba. Banting ba ma'aikacin asibitin ba ne, don haka a waje ya tsaya, wani likita ya yi allurar. Suga ya ɗan sauka, amma wurin allurar ya yi ƙurji, aka dakatar. Collip ya duƙufa dare da rana, yana ƙara ƙarfin alkohol mataki-mataki, dattin yana rabuwa, har ya kai inda sinadarin kansa ya kwanta a matsayin gari. Ranar 23 ga Janairu aka sake yi wa yaron da na Collip. Suga ya sauka, gubar ta ɓace daga fitsari, yaro ya warware ya fara samun ƙarfi. Ya ƙara shekara 13 a duniya, a 1935 ciwon huhu ya yi ajalinsa.

A tsakanin waɗannan kwanaki ne rigima ta kai maƙura. Collip ya nuna ba zai faɗa wa Banting da Best yadda ya yi tacewar ba, Banting ya harzuƙa, har abin ya kusa zama dambe a ɗakin gwaji. Sai da aka zaunar da su huɗun suka sa hannu a takarda cewa ba wanda zai je ya yi rajistar maganin shi kaɗai. Banting ya shiga ƙunci a watannin da suka biyo, ya ga kamar an ture shi gefe, har ya faɗa shan giya na wani lokaci, kamar yadda shi da kansa ya rubuta daga baya.

A gwajin da Collip da Noble suka yi da zomaye an gano wani abu da ya kamata duk mai allura ya riƙe. Idan insulin ya yi yawa, suga yana faɗuwa ƙasa ƙwarai, dabba ta kama jijjiga ta suma, amma da an ba ta gulukos sai ta farfaɗo. Haka yake ga mutum. Wanda ya yi allura bai ci abinci ba, ya ji gumi da karkarwa da jiri, suga ko lemo mai zaƙi yake buƙata nan take.

Ranar 3 ga Mayu, 1922, Macleod ya sanar da duniya a taron likitoci a Washinton, da sunan insulin, daga kalmar Latin mai nufin tsibiri. A lokacin kuwa ƙoƙarin yin sa da yawa a Toronto ya cije, an yi makonni ba magani, har an rasa wata yarinya da aka fara yi wa. Dole jami'a ta haɗa kai da kamfanin Eli Lilly na Amurka, wanda ya riƙa kwasar pankiriyas na shanu da aladu daga manyan mayanku. Cikin waɗanda Banting ya duba da hannunsa akwai Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin. An kawo ta a watan Agusta 1922 tana kusan shekara 15, nauyinta kilo 20 kacal bayan shekara uku a kan tsarin yunwa. Ta warware, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981.

A watan Janairu 1923 Banting da Best da Collip suka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗaya kowannensu. Banting tun farko bai so sunansa ya shiga rajistar ba, don a ganinsa bai dace likita ya ci riba da abin ceton rai ba. Manufar ita ce jami'a ta riƙe haƙƙin don ta sa ido kan inganci, kuma kada wani kamfani ɗaya ya mamaye. Ta haka ne masanin Denmak August Krogh, wanda matarsa ke da ciwon suga, ya samu izinin yin insulin a ƙasarsa, kuma daga nan kamfanin da ake kira Novo Nordisk a yau ya samo tushe.

A watan Oktoba 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel ta fannin likitanci. Banting bai cika shekara 32 ba, kuma har yau ba a ba wanda ya kai shi ƙuruciya a wannan fanni ba. Ransa ya ɓaci da aka haɗa shi da Macleod aka bar Best, har ya so ya ƙi karɓa. Da aka lallashe shi sai ya raba kuɗinsa biyu da Best, Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Majalisar Kanada ta yanka wa Banting dala 7,500 duk shekara har ƙarshen rayuwarsa, a 1934 kuma Sarkin Ingila ya ba shi sarautar girmamawa. Macleod kuwa ya bar Toronto a 1928 ya koma Aberdeen, ya rasu a 1935, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin wanda ya ci gumin wasu. Sai a 1982 masanin tarihi Michael Bliss ya bi takardun ɗakin gwajin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna shawarwarin Macleod da tacewar Collip suna cikin ginshiƙan nasarar. Ni dai a nawa ganin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Banting ya kawo wutar, amma da babu sauran ukun da ƙurjin Leonard Thompson ne zai zama ƙarshen labarin.

Bayan insulin ya yi shekaru yana bincike kan ciwon daji da ciwon huhun masu haƙar ma'adinai, amma bai sake samun babbar nasara ba, kuma abin yana damunsa. Ya samu sauƙi a zanen hotuna. A 1927 ya bi abokinsa mai zane A. Y. Jackson zuwa yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, ya dawo ya fito fili ya soki yadda kamfanin fatu na Hudson's Bay ke cutar 'yan asalin yankin a ciniki. Aurensa na farko ya mutu a 1932 bayan sun haifi ɗa ɗaya, ya sake wani a 1939.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya koma kakin soja, yana jagorantar bincike kan lafiyar matuƙa jiragen yaƙi. A sashensa ne Wilbur Franks ya ƙera rigar da ke hana matuƙi suma idan jirgi ya yi juyi mai ƙarfi. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya yi zaman hira da Collip a Montreal, don a lokacin sun daɗe da shiryawa sun zama aminai. Ranar 20 ga Fabrairu, 1941, ya tashi daga Gander a tsibirin Newfoundland zuwa Ingila a jirgin soja. Injinan suka mutu, jirgin ya faɗi kusa da Musgrave Harbour. Matuƙin ya tsira, mutum biyu suka mutu nan take, Banting ya cika washegari yana da shekara 49.

Kimanin shekara 60 duniya ta dogara da shanu da aladu wajen samun insulin. Na saniya ya bambanta da na mutum a gurbi uku kacal cikin 51 na ginin sinadarin, shi ya sa yake aiki a jikinmu. Daga 1982 aka fara sayar da wanda ake sa ƙwayoyin halitta su yi a masana'anta, irin na ɗan Adam sak, kuma yawancin wanda ke kantunan magani yau irin wannan ne ko danginsa, don haka mai ƙyanƙyamin alade ya kwantar da hankalinsa, ya kuma tambayi mai ba shi magani.

Jama'a, abu biyu nake so mu ɗauka. Na farko, insulin ba ya warkar da ciwon, riƙe shi yake yi. Ciwon suga iri biyu ne manya: wanda jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya, ya fi kama yara da matasa, da wanda jiki ke yi amma ba ya jin sa sosai, ya fi yawa a manya, shi ne ake farawa da gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi. Mai irin na farko idan ya ajiye allura saboda wani mai talla a tasha ya ce zai raba shi da ciwon cikin mako biyu, to ya koma halin yaran kafin 1922. Masu doguwar tafiya a kan tirela kuma su sani zafin rana yana kashe ƙarfin insulin, ƙanƙara ma tana lalata shi. A ajiye shi a firji ba a wurin daskarewa ba, in babu wuta a nema masa wuri mai sanyi da inuwa kamar gindin randa.

Na biyu, maganin da masu shi suka sallama a kan dala ɗaya, yau ga shi yana gagarar talaka. Gidaje nawa ne ake rage yawan allura don kwalba ta kai ƙarshen wata? Wannan magana ce da ya kamata shugabannin unguwanninmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa ɗagawa gaban hukuma, su kuma sa masu wannan lalura cikin waɗanda ake tallafa wa daga asusun ƙungiya.

Duk shekara ana bikin Ranar Ciwon Suga ta Duniya a 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, kuma wurare da yawa ana awon suga kyauta a ranar. Wanda bai taɓa aunawa ba ya je, ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. A gaban gidan nan na Landan ta Ontariyo inda ya zauna ba majinyata, an kunna wata wuta a 1989 da sharaɗin ba za a kashe ta ba sai ranar da aka samo maganin da ke warkar da ciwon gaba ɗaya. Har yanzu tana ci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.